Tanar roba mai yawo a saman ruwa ta gagare ni

Assalamu alaikum 'yan uwa masu fatsa, musamman mazauna Amurka. Ina Teksas, kuma tun watan Afrilu nake zuwa tafkin Fork neman kifin bas (wani kifin tafki da ake yawan kamawa da fatsa a nan) da tanar roba, irin wadda ba ta nutsewa.

Ba na sa mata dalma. Ƙugiya mai lambar girma 4/0 nake sokawa ta kanta, in fito da ita, in ɓoye tsinin a jikinta don kada ta kama ciyawa. Tanar ruwan hoda ce, ina ganinta sarai a gefen ganyen bado. Kifi ya taso ya haɗiye ta a kan idona, ina fizgar sanda sai ta dawo a dunƙule a gindin ƙugiya, babu kifi. Jiya sau shida! A gida da tana ta gaske nake kama tarwaɗa, ban taɓa shan wannan wahala ba.

Ga zaren kuma yana murɗewa har ya ƙulle, duk da ɗan ƙarfe mai juyawa da na ɗaura.

Shin saurin fizga nake yi, ko ƙugiyar ce ta yi nauyi? Don Allah wanda ya ƙware ya taimaka mini.