Babur ɗin da ba a sauke ƙafa a kansa, me za mu kira shi?

Jama'a, ga wata kalma da ta tsaya mini a wuya tun makon jiya. Ƙanena da ke zaune a Ingila yana son sayen tsohon babur irin wanda Turawa ke kira "trials", don ya riƙa zagaya ƙananan hanyoyin karkara ranar hutu. Na zo yi wa Baba bayani sai na rasa sunan abin da Hausa.

Bari in fara faɗin yadda wasan yake, don suna ya dace da mai shi. Ba tsere ba ne. Ana shata wuri mai duwatsu, ko rafi, ko gangare mai santsi, mahayi ya bi ta ciki a hankali yana tsaye a kan matakan babur. Ya sa ƙafa a ƙasa sau ɗaya, an rubuta masa maki 1. Ya faɗi ko ya fita daga iyaka, maki 5. Wanda ya fi ƙarancin maki shi ya ci. A Birtaniya abin ya samo asali, kuma gasar kwana shida ta Sikotilan, wadda aka fara a 1909, har yau ana yin ta a yankin Fort William.

Da na tambayi mutane, wani ya ce a kira shi "babur ɗin gwaji", tunda haka ƙamus ya fassara. Ban yarda ba. Duk wanda ya ji zai ɗauka wanda kamfani ke gwadawa ne kafin a kai kasuwa.

"Babur ɗin daji" ya yi faɗi da yawa, ya haɗiye har na masu tsere a cikin rairayi. Ga shi kuma a wannan zamani in ka haɗa babur da daji a jimla ɗaya, hankalin mutanenmu wani wuri yake tafiya, Allah Ya kawo mana sauƙi.

Wani abokin wasana ya kawo "ɗan akuya", wai don hawan dutse. Malam, ka je ka ce wa surukinka ka sayi ɗan akuya kana yawo da shi, ka dawo ka ba mu labari.

"Hana-taku" ta burge ni, don ta bi sahun hana-salla da a-daidaita-sahu. Sai dai ana iya ɗauka ciwon ƙafa ne.

Wadda ta kwanta mini wata baiwar Allah ce ta kawo ta: langa. Yaya, Allah Ya saka da alheri. Ku tuna dokar langa a dandali: ka riƙe ƙafa ɗaya, kana sakinta ta taɓa ƙasa ka mutu. Ita ce dokar wannan wasa sak, dabara da daidaita jiki, ba gudu ba. Don haka wasan "langar babur", abin hawan "babur ɗin langa". Wani ya yi gardama cewa a langa ana ture juna, a nan ba a yi. Gaskiya ne, amma ai ƙwallon kwando ma ba kwandon kaba ake jefa wa ba.

Saura ɗaya kalmar, "trail", wadda harafi biyu kawai suka sauya wuri amma ma'ana ta bambanta. Ita ce ainihin abin da ƙanena ke so, tafiya a siririyar hanya ba gasa. Na ce "yawon burtali".

Da sunayen suka rabu sai shawarar ma ta fito fili. Babur ɗin langa na yau, irin Montesa da Toni Bou na Sifaniya ke lashe gasar duniya da shi tun 2007, ko wurin zama ba shi da shi, tankinsa kuma ɗan mitsitsi. Ba na yawon burtali ba ne. Tsofaffin masu shokozoba biyu a baya su ne ke da ɗan sirdi. A cikinsu Bultaco Sherpa T ya fi suna: fitaccen mahayi Sammy Miller ne ya taimaka aka ƙera shi, ya ci gasar Sikotilan da shi a 1965, daga nan manyan babura masu nauyi na Ingila suka fara ja da baya. To amma kamfanin ya rufe a 1983, sai ka haɗa masa fetur da baƙin mai da hannunka, kuma na farko-farko giyarsu a ƙafar dama take. Wanda ya saba da hagu zai nemi birki ya taka giya.

Ni dai na ce wa ƙanena ya duba Yamaha TY175, ko Honda TL125 da ya fito a 1973. Honda ɗin ba ya ƙona baƙin mai tare da fetur, ba hayaƙi, ba hayaniya, ƙarfinsa kaɗan ne amma ya isa burtali. Yamaha ya fi shi zafin nama idan wata rana sha'awar langar ta motsa.

Na gwada wa Baba sunan jiya da daddare. Ya yi shiru, sannan ya ce, wato yaron nan ya je har Ingila ya koma yin langa? Na ce da babur, Baba. Ya ce to a gaya masa ya sa hular kwano.