Albasar nan mai ɓawo ruwan ɗorawa ta sa miyata zaƙi

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan da na biyo maigida Ingila. A Kano jar albasa na sani, wadda muke sarowa a Yankaba. Nan kuwa mai ɓawo ruwan ɗorawa ce ta cika shaguna, kuma ta fi arha. Jiya na yi miyar kuka, na zuba guda biyu yadda na saba, sai miyar ta fito da wani zaƙi-zaƙi, har maigida ya ce ko sukari na sa. Hannuna ne ko albasar?

Hajiya Yaya: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Albasar ce. Ɗanyarta akwai yaji, amma in ta daɗe a wuta sai yajin ya gudu ya bar zaƙi. Sannan ki dubi girmanta, ɗaya ta kai biyu na gida. Miyar kuka rabi ya isa, ki jajjaga da attaruhu, kar ki yi wa daddawa rowa.

Ummu Sadik: Kar ki raina ta fa, a suya ba ta da na biyu. Ki yanka siriri-siriri, ki zuba a man gyaɗa da ɗan gishiri, wuta ƙasa-ƙasa. Ki riƙa juyawa kamar minti 30, za ki ga ta saki ruwa, ta kwanta, ta koma kalar zuma. In kika yi gaggawa kika ƙara wuta, bakin ya ƙone ta yi ɗaci. Wannan man ki zuba wa ɗanwake ko garau-garau, ki dawo ki ba ni labari.

Anti Zabba'u, Maraɗi: Mu dai bayan ja ta garin Galmi, nan Nijar, ba mu san wata albasa ba. Kwaɗon zogale da tsire sai ja. In ba ki samu ba, ki jiƙa yankakkiyar mai ruwan ɗorawar a ruwan sanyi minti 10, yajin ya ragu.

Maman Walid: Anti, 'yan Aliero, garin albasa na jihar Kebbi, na jin ki! Maman Ilham, ki fitar da ita daga leda, kuma kar ki haɗa ta da dankalin Turawa wuri ɗaya, saurin lalacewa suke.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. To rabin da ya rage fa?

Hajiya Yaya: Roba mai murfi, firij. Jibi ki yi dafa-duka da shi.