Yvonne Lime: ina ta shige bayan finafinan matasa?

Bilkisu, Unguwar Rimi:
Salamu alaikum. Ina haɗa rubutu kan matan da ke fitowa a matsayin budurwa ko ƙawa a tsofaffin finafinan matasa na Amurka. Yvonne Lime ta fito a I Was a Teenage Werewolf a 1957, fim ɗin ya yi kasuwa, amma Michael Landon, wanda ya fito a matsayin dodon fim ɗin, shi kaɗai ake tunawa. Me ya hana ta tashi?

Malam Sani, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Malama Bilkisu. Duba kamfanin tukuna, American International Pictures. Sana'arsu a wancan lokacin fim mai araha, baƙi da fari, a ɗauke shi cikin mako ɗaya ko biyu, a haɗa biyu kan tikiti ɗaya, a kai filayen da ake kallo daga cikin mota. Wannan fim ya ci kusan dala 82,000, ya dawo da kimanin miliyan 2. 'Yar wasa kuwa ladan kwanakin aikinta kawai za ta karɓa, ba ta da kaso. Rawar Arlene da aka ba ta ba wani abin kirki a ciki: ta damu da saurayi, ta tsorata. Dodon ake sayarwa, ba ita ba. A 1958 ta ja ragamar High School Hellcats, sai dai rigar 'yar sakandare ba ta daɗewa a jikin mace. An haife ta a 1935.

Hajiya Rabi, Kawo:
Malam, ka tsallake talabijin, kuma can tuwonta yake. A shirin Father Knows Best ita ce Dotty, ƙawar Betty 'yar gidan da shirin ke ba da labarinsa, tana dawowa kashi bayan kashi, sannan ta samu babbar rawa a shirin Happy na tashar NBC, 1960 zuwa 1961. Ƙanwata ki rubuta wannan ma: yajin aikin 'yan wasa na 1960 ya samo musu kuɗin maimaita fim a talabijin, amma finafinan da aka yi kafin shekarar ba su shiga ba. Nata duk sun faɗa can.

Malam Sani:
Gaskiyarki Hajiya. Landon ma ai shirin talabijin na Bonanza ne ya ɗaga shi daga 1959. A shekarar ita kuma Yvonne ta je Japan da abokiyar aikinta Sara O'Meara nishaɗantar da sojojin Amurka, suka tarar da marayu a titi, suka kafa ƙungiyar da ta zama Childhelp, mai kare yara daga cin zarafi. Ta auri furodusa Don Fedderson a 1969.