Zanen da inji ya ja, na wa ne?

Sadiya: Salamu alaikum. Ga bidiyon aikin da na gama jiya. Wannan ƙarfen da kuke gani yana riƙe da biro, shi yake jan layukan, ni kuma na rubuta masa umarni a kwamfuta. Dagi ne, amma kowane zagaye yana ɗan karkacewa daga na bayansa, wani ɓangaren kuma na bar wa kwamfuta ta yi canki-canka.

Malam Habu mai zayyana: Wa alaikumus salam. Ya yi kyau, ba musu. Amma 'yata, kada ki ce kin zana. Inji ya zana. Mai zane shi ne wanda alƙalami yake hannunsa, in layi ya kauce ya san shi ya kautar.

Nura: Allah gafarta Malam, wannan gardamar ta girme mu. Tun 1965 a Stuttgart ta Jamus, Georg Nees da Frieder Nake suka baje kolin zanen da kwamfuta ta lissafa, inji ya ja a takarda. Su kam, kana iya cewa masu lissafi ne. To Vera Molnar fa? Makarantar zane ta yi a Budapest, ta koma Faransa, ta daɗe tana aiki da hannu kafin ta taɓa kwamfuta a 1968. Tun ba ta da na'urar, takan gindaya wa kanta ƙa'ida ta bi ta daki-daki da fensir. Ta rasu a 2023 tana da shekara 99. Ranar da ta samu kwamfuta ne ta tashi daga mai zane?

Malam Habu: Turawa sun yi ba hujja ba ce, Nura.

Sadiya: Baba, da za ka zauna kusa da shi da ka ga inda hannuna yake. Ni nake zaɓen takarda da biro. In na bar biron ya ɗan tsaya a kusurwa, tawada ta taru ta ɓata wurin. In na ƙara gudu, layin ya riƙa tsinkewa. Karkacewar nan ma ni na yanke iyakarta: in ta yi kaɗan zanen ya fito a sandare, in ta yi yawa dagin ya warware. Injin bai san kyau ba, har kan tebur zai ci gaba da ja in takarda ta zame.

Alhaji Isyaku tela: Ku bar batun suna, ku zo batun kasuwa. Mu an riga an yi mana. Aska takwas a babbar riga, da hannu sai a kwashe makonni ana surfani. Injin kwamfuta ya zo, cikin yini ya fitar. Da yawa daga masu allura sun ajiye. Amma har gobe wanda ya san kaya sai ya juya rigar ya duba bayan ɗinkin, kuma na hannu ya fi tsada. Abin da ba na so shi ne a sayar da na inji da sunan na hannu.

Abba: Ni dai duk ɗaya na ɗauke su da masu ƙirƙirarriyar basira. A 2022 wani Jason Allen ya ci gasar zane a Colorado ta Amurka da hoton da manhajar Midjourney ta haɗa masa. Da ya nemi haƙƙin mallaka, ofishin da ke rajista ya hana shi.

Sadiya: Haba Yaya Abba! Shi bayani ya rubuta, manhajar wasu da aka horar da ita da hotunan mutane ta fitar masa. Ni babu hoton kowa a cikin nawa, kowane layi daga lissafin da na rubuta ya fito.

Nura: Gaskiyarta. Harold Cohen ya fi kama da ita. Sanannen mai zane ne a Ingila, ya koma Amurka, ya rubuta manhajar zane mai suna AARON da kansa tun shekarun 1970, yana ta gyara ta har ya rasu a 2016.

Malam Habu: To tambaya ɗaya. In kika ba ni umarnin nan na danna, zanen ya fito a gidana, na wa ne?

Sadiya: Nawa ne mana.

Malam Habu: Madalla. Ashe duk allon saukar da na yi wa zayyana ba nawa ba ne, na malamina ne, tunda shi ya ba ni ƙa'idar raba allon da inda ja da kore suke shiga.

Nura: A'a Malam, kai kana iya saɓa masa. Injin ba ya iyawa.

Malam Habu: Kai ma ka faɗa.

Sadiya: Ai wannan ni ya goya wa baya, Baba. Tunda ba ya saɓawa, duk abin da ya fito ni na so shi.

Abba: Ba ke kika ce wani ɓangaren kin bar wa kwamfuta ta yi canki-canka ba?

Sadiya: Cikin iyakar da na ba ta. In ya fito ban so ba, na yaga.

Malam Habu: Ki kawo shi Ƙofar Wambai ranar Asabar. Mu ɗaura masa alƙalamin kara da tawadar ƙaro, mu ga ko zai ja layi ɗaya a kan allo.

Sadiya: Zan kawo. Sai dai na fara koya masa tsoma alƙalami a kurtu, kuma allon ya zama shimfiɗaɗɗe, in da tudu bakin karan zai karye.

Alhaji Isyaku: In ya yi, Malam, ka fara tunanin farashi.