Na koma hawa keke zuwa kasuwa, jiya saura ƙiris: ku ba ni shawara

Ɗan Kawo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina tsaron shago a kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna, a Kawo nake zaune. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ke cinye min abin da nake samu, shi ne watan jiya na sayi keke na hannu. Keken feda nake nufi, kada wani ya ɗauka Napep ne. Kullum sai in biyo Ali Akilu in faɗa Ahmadu Bello Way. Jiya bayan magariba, wajen Unguwar Sarki, wani mai Napep ya wuce ni, ya hango fasinja, kawai ya yanko gabana ya tsaya cak. Na damƙe birki, tayar baya ta ɗaga, sai ga ni a ƙasa. Gwiwa ce ta goge, amma motar da ke biye da ni ƙarar birkinta har yanzu tana kunnena. Mahaifiyata ta ce in sayar da keken. Ni kuma ba na so. Yaya zan yi?

Ɗan Rigasa: Allah ya kiyaye gaba. Ni dai hannun da motoci ke tahowa nake bi, ina ganin kowa, ba mai zuwa min ta baya.

Tsohon Direba: Ɗan Rigasa, don Allah ka daina, kuma kada ka koya wa yaron nan wanwe. Mai fitowa daga layi zai hau titi hagunsa yake kallo, don ta nan motoci ke zuwa, kai kuma ka ɓullo masa ta dama. Sannan yi lissafi: mota tana gudun kilomita 60, kana 15. In hanyarku ɗaya, tazarar 45 ce, yana da lokacin kauce maka. In kun fuskanci juna ta zama 75.

Kai kuma ɗana, na ja tirela na ja tifa, bari in faɗa maka abin da ba ka gani daga ƙasa. In kana gefen damana, dab da ƙofar yaron mota ko wajen tayoyin tsakiya, wallahi ba na ganinka. Madubi bai kawo nan. In zan sha kwanar dama sai na fara buɗewa hagu tukuna, kai sai ka ga fili ya samu ka kutsa, alhali bodin zai dawo ya rufe wurin, tayoyin baya kuma ba sa bin sawun na gaba, ciki suke yankowa. Babu inda za ka tsere sai lambatu. A danja ko shataletale, tsaya bayan babbar mota can nesa, inda kake hango fuskar direba a madubinsa. Baifas ɗin Nnamdi Azikiwe kuwa, da manyan motoci suka mayar gida, in ba dole ba kada ka hau shi da keke.

Mai Faci Tudun Wada: Birkin gaba ka damƙe shi kaɗai, shi ya sa ta tashi da kai. Biyun ake kamawa tare, ka ja jikinka baya kan sirdi. Kawo min ita in duba robar birki, keken hannu yawanci robar ta suɗe ake sayarwa. Kuma in ruwa ya jiƙa rim birki ba ya ci da wuri, da damina ka fara kamawa tun da nisa. Ƙafar wandonka ta dama ka naɗe ko ka sa a safa. Sau nawa ake kawo min keke jallabiya ta shige kaca.

Maman 'Yan Biyu: Ƙanena, kada ka ga laifin Hajiya, tsoro ne irin na uwa. Ni mota nake tuƙawa, kuma bayan magariba mai keke da baƙar riga ba ka ganinsa sai ka zo kansa, balle lokacin hazo. Sayi fitila fara a gaba, ja a baya, da rigar nan mai sheƙi irin ta ma'aikatan titi. Da hular kwano. Za a yi maka dariya a kasuwa kwana biyu, a gaji a bari. In Hajiya ta gan ka da su wataƙila ta sassauta.

Ɗan Rigasa: To Baba, na ji. Amma in na bi hannuna Napep ke matse ni a gefe.

Tsohon Direba: Don kana maƙalewa ne a bakin kwalta, inda yashi da fasassun kwalabe suke. Matso ciki kaɗan, kamar taku ɗaya, ka tafi a miƙe ba kana lilo ba. Kafin ka kauce wa rami ka waiga, ka miƙa hannu. Mai Napep idonsa na kan masu tsayuwa a gefe. Da ka ga an ɗaga hannu a gabanka, sassauta, zai yanko. Haka motocin da aka faka a Ahmadu Bello Way, bar musu faɗin ƙofa, ana buɗewa ba a duba ba. Ku kuma ajiye lambar 122 a waya, ta Road Safety ce, kyauta ake kira.

Maman 'Yan Biyu: Kuma a cire abin kunnen nan. Wa'azi ko waƙa, a bari sai an sauka.

Ɗan Kawo: Na gode ƙwarai, Baba. Anti, gaskiya jiya akwai shi a kunnena, ban faɗa ba ne. Malam mai faci, gobe da safe kana buɗewa ƙarfe nawa? Birkin bayan dama sai na matsa har ƙarshe yake kamawa.

Mai Faci Tudun Wada: Bakwai. Ka turo ta, kada ka hau.