Shawarar magina kan saka haɗaɗɗen banɗaki a tsoffin gidajen Birni, tsohuwar unguwar Damagaram

Maginan Damagaram da suka tattauna sun yarda cewa babban abokin gaban ginin tubali danshi ne. Don haka a girka banɗakin, wato wanda ake kawowa a ƙere daga masana'anta, a ƙasa, kada a ɗora shi kan soro, azara ba ta ɗaukar nauyin. A bar tazarar santimita 10 tsakaninsa da bango don iska ta ratsa. Kada a shafe bangon da siminti: ruwa zai maƙale ciki, gindin ya zama gari, zanen kakanni ya zube, abin tausayi.

Ƙofar zaure ƙarama ce, a shigo da banɗakin gunduwa-gunduwa, ban da fasa ƙofar. Tiyon ruwan datti ya gangara santimita 2 kowace mita, ramin da ruwan zai zuba ya yi nesa da harsashi. Kafin komai, a nemi izinin hukuma.