Taƙaitawa Kan Kayan Saitin Bawul na Tsohon Babur

1. A tattaunawar da aka yi kan kayan saitin bawul, wato daidaita tazarar bawul ɗin inji, kowa ya yarda cewa ba a saitin sai injin ya huce sarai, kuma an daidaita alamar T ta magineto, wadda ke nuna fistin ya kai can sama.

2. An haɗu kan mallakar filagej, wato siraran ƙarafan auna tazara, domin Honda CG125 milimita 0.08 take buƙata, kuma daidai shi ne ƙarfen ya ratsa da ɗan tirjiya.

3. Sifana mai zobe ta fi mai buɗaɗɗen baki, domin ba ta cinye kan noti.

4. An rabu kan amfani da reza a madadin filagej. Wasu makanikan karkarar Jigawa da ita suka saba. Masu adawa sun ce kaurin reza ya bambanta, alhali bawul da ya matse ƙonewa yake yi, kuma ni hujjarsu na fi gamsuwa da ita.